Gurbin da Ba a Tsallakewa

Litinin, 3 ga Maris

Oga ya ba ni zuwa Juma'a in haɗa kwamfutar asibitinmu da ta ma'ajiyar jini, ko in tattara nawa-i-nawa. Watan gwajina ya ƙare ke nan. Na ce wa zan kira a can? Ya ce, "Ba kowa. Ga WSDL ɗinsu, karanta."

Talata, 4 ga Maris

Ikon Allah! WSDL ɗin nan takarda ce guda ta XML, rubutun da na'ura ke ganewa, amma ba abin da ta bari: adireshin da za ka aika saƙo, abin da za ka iya roƙa, yadda za ka jera bayanin mara lafiya, har irin amsar da za ta dawo. Na miƙa wa manhajata, ta karanta, ta shimfiɗa hanyar da kanta. Na'urori biyu da ko gaisawa ba su taɓa yi ba! Na daɗe baki sake.

Laraba, 5 ga Maris

Gurbi ɗaya ya hana ni sakat: sunan ma'aikaci na biyu da ya duba kwalbar jini. Wai dole ne. Mu nan mutum ɗaya ke dubawa. Sai na share gurbin a kwafina, ni ga mai wayo. Sau goma sha ɗaya ana dawo mini da saƙona. Ashe nawa kawai na gyara, nasu yana nan daram.

Alhamis, 6 ga Maris

Na nemo wadda ta rubuta takardar. Ta yi ritaya, na tarar da ita tana shanya. Na ce, "Mama, a sassauta mana." Ta ce, "Ɗan nan, zauna."

Ta ce shekara goma sha biyu ke nan, an musanya kwalba biyu, aka ƙara wa wata mai jego jinin da ba irin nata ba. Ba ta koma gida ba.

"Mutum yana gajiya, yana jin nauyin babba," in ji ta. "Shi ya sa na ajiye dokar inda ba a jin magiya."

Wallahi na ji kunya.

Juma'a, 7 ga Maris

Oga ya ce abin ai mai sauƙi ne: in sa manhajar ta riƙa cike gurbin da sunana kullum, saƙo ya wuce. Minti biyu zai ɗauke ni.

Na ce a'a, sai dai a samo mai dubawa na biyu. Ni kaina ban san daga ina maganar ta fito ba.

Oga bai ce in zo Litinin ba, bai ce kada in zo ba. Na dai bar cajar wayata a ofis da gangan.