A Sa Tuwo da Ni Ran Juma'a

Ƙanena Haruna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya ƙafar taka? Ina nan ƙasar waje, unguwar Taman Melati, wurin ɗana Sani, daga asibiti sai ɗaki.

Jiya ya fassara mini hirar wani tsohon Bayahude ɗan Isra'ila a talabijin. Wai shi da ƙanensa jam'iyya daban suke zaɓa, har zage-zage suke yi, amma duk Juma'a tare suke cin abinci. Sani ya zuba mini ido, don ya san tun zaɓe ban taka gidanka ba. 

Har gobe ɗan takararka maƙaryaci ne. Amma likita ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu, in koma gida kawai. Ka ce matarka Hajara ta sa tuwo da ni ran Juma'a.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

Yayanka,
Ɗanladi