Inna Ba Ta Yarda da Rabin Kofi Ba

Gwaggo Sulabha, don Allah ki taimake ni kafin in ɓata wa mahaifiyata rai.

Muna da 'yar gonar inabi a Dindori, kusa da Nashik. Baba ya rasu ya bar mana ita, ni kuma na je na koyo haɗa jar giya. Inabin Shiraz muke nomawa. Zafin ranarmu da sanyin darenmu sun karɓe shi sosai. Ba yabon kai ba, giyar bana ta yi kyau: ƙanshin nunannen jamun (ɗan itacen nan namu mai kama da ɗinya), ɗan yajin masoro, da bauri mai laushi a ƙarshen harshe. Sai na fara gayyatar baƙi su ɗanɗana, su ci abincin rana a gonar. Inna ce mai girki, kuma nan matsalar take.

Ita ba ta taɓa kurɓar giya ba, amma ba ta yarda baƙo ya ga rabin kofi a gidanta ba. Ina zuba kaɗan a gindin kofi yadda aka koya mini, don mutum ya juya ya shaƙa, sai ta fizge kwalbar ta ce, "Kai, wannan rowar a ina ka gado ta? Ba dai wajen ubanka ba!" Ta cika shi fal kamar madara. Wani baƙo ya gwada juyawa, farar rigarsa ta tashi daga aiki. Sannan ga dakakken ɗanyen barkononta da tafarnuwa, tana labta wa kowa a kan gurasar dawa tana cewa, "Ci, ɗana, kunyar me kake ji?" Bayan loma ɗaya giyata sai ta koma kamar ana lasar ƙarfe. Na yi mata bayani, ta ce abin shan da ke tsoron barkono ai rago ne. Wancan makon wani likita daga Pune ya yi barci a gindin inabi har la'asar. Inna ta lulluɓa masa zane, wai ita ta san ya ji daɗi.

Yanzu Madam Perizad, mai zaɓar wa wani babban otal na Mumbai giya, za ta zo lokacin girbi. In ta karɓi tamu, gonar ta tsaya da ƙafarta. Ina tunanin tura Inna gidan ƙanwarta a ranar, in ɗauko kuku. Amma in Inna ta gano fa?

Ɗan Inna, Dindori

Ɗana,

Za ta gano. Shekaruna na koyarwa sun nuna mini cewa uwa tana jin ƙarya tun ɗanta bai buɗe baki ba. Ka bar maganar gidan ƙanwa.

A kan barkono kai ne da gaskiya. Yaji da bauri ba sa ga maciji, kowanne ƙara wa ɗan'uwansa zafi yake yi. A kan kofi ma haka, sararin da ka bari a sama na hanci ne. Amma Inna ma tana da tata. Otal ɗin Madam cike yake da kuku-kuku, ba ta rasa su ba. Abin da ba ta da shi shi ne teburin da za a kira ta "'yata".

Ga abin da za ka yi. Ka fara da Madam a cikin gona, kai da ita da kwalba, bakinta bai taɓa komai ba. Nan za ta yanke hukunci. Sai ka miƙa ta hannun Inna. Ka roƙi Inna gasasshen yalonta, wanda ake ƙonawa a garwashi a dama da gyaɗa. Hayaƙinsa da Shiraz kamar tare aka haife su. Barkonon ya zo daga ƙarshe, da kindirmo, bayan an kwashe kofuna.

Batun cika kofi kuma, kada ka ce wa Inna haka ake yi a makaranta, ba ta je makarantarku ba. Me Inna ta fi so a duniya? Ta matsa wa baƙo ya ƙara. To, nuna mata cewa kofin da ya cika sau ɗaya kawai ake roƙon mai shi, amma wanda aka zuba kaɗan, sai ta roƙa, a ƙi, ta sake roƙa, a karɓa, har kwalba ta ƙare. Ka danƙa mata kwalba ɗaya tak, sauran ka ɓoye. Kuma ka ba ta ta shaƙa ko ba ta sha ba. Inabin mijinta ne a ciki.

Allah ya ba da girbi mai albarka, ya sa Madam ta karɓa. Amma ka shimfiɗa tabarma a gindin inabi, na san irin su Inna.

Gwaggo Sulabha