Raɗin Sunan Manhajar Ruwa

Kurudu, Abuja

Zuwa ga maigidana Manniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zaman Zariya? Ciwon bayan nan ya sake ka, ko har yanzu kana zaman kujerar laburare kamar an ɗaure ka? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Raina a ɓace nake rubuta maka, ka yi haƙuri da ni. Maganar manhajarmu ce, wadda kake kira aikin banza da wofi saboda babu mai biyan mu. To, banzar ce ke nuna wa masu ga-ruwa na Karmo da Kurudu famfon da ke zuba da wanda ya ƙafe, kada mutum ya tura kura da jarkoki har can ya dawo hannu rabbana. Ta kowa ce, duk mai so ya buɗe cikinta ya gyara.

Ka san al'adarmu. Duk lokacin da za mu saki sabuwar fitowa sai mu yi mata suna kamar jaririya, a raba goro da dabino, a raɗa mata sunan wanda ya kawo sabon abu. Muktar da ya fara aikin ya ci suna. Habibu ya ci. Bana Hafizu ne, saboda ya yi wa taswira launuka masu kyau.

Ita kuwa Asibi, maƙwabciyarmu malamar asibiti, tun farko take cikinmu, ba a taɓa kiran sunanta ba. Idan wayoyi suka sabunta, manhajar ta ƙi buɗewa, ita ke gyarawa. Idan wani ya turo ƙorafi da murya yana faɗa, ita ke saurara ta ba shi amsa. Ita ke cire famfon da ya mutu daga taswira, ta share tarkacen da samarin nan ke bari a cikin aikinsu. Duk Asabar ɗinta a haka take ƙarewa. Jiya ta faɗa mini, ba tare da fushi ba, cewa ana gama sunan nan za ta ajiye. Ta gaji. Wallahi da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

A taronmu na ce a raɗa sunanta. Oga Muktar ya gyara tabarau ya ce doka doka ce, gyara ba ƙirƙira ba ne. Na ce masa shi ma motarsa bakanike ne ya hana ta zama kejin kaji. Aka yi dariya, shi bai yi ba, aka kuma bar maganar a kan Hafizu. Don a rufe mini baki aka ba ni aikin sayen goro da gayyato baƙi. Na karɓa hannu bibbiyu.

Ka taya ni addu'a. Idan Asibi ta tafi, manhajar nan ba za ta kai baɗi ba. Ka gaida abokan karatu.

Taka har kullum,
Yusra

Kurudu, Abuja

Maigida,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi, kuma kana cin abinci ba burodi da shayi kaɗai ba.

An yi suna, kuma zauna sosai kafin ka karanta.

Su Muktar sun zaci manyan ma'aikata zan gayyato. Ni kuwa Karmo na tafi na kira masu ga-ruwa, da shugabansu Malam Mika'ilu, wani dattijo ɗan Katsina. Ban koya musu ko kalma ɗaya ba, Allah ne shaidata. Na dai san abin da kunnena ya sha ji a bakin famfo.

Suka zo cikin kayan Juma'a suka cika ɗakin taron. Muktar ya ji daɗi, ya tambayi Malam Mika'ilu yadda suke jin aikin Rijiya, wato sunan manhajar na asali. Dattijo ya ce shi bai san wata Rijiya ba. Muktar ya ɗaga waya ya nuna masa. Sai dattijon ya washe baki ya ce ai wannan Asibi ce. A wajensu, in ji shi, ba wanda ke ɗaukar kura da safe sai ya duba Asibi, kuma in ta sami matsala ka yi magana, Asibi za ta amsa maka da bakinta. Ya ce sun zo da turmin atamfa, suna son a nuna musu madam mai kamfanin su gode mata.

Manniru, Asibi na can baya tana zuba dabino a faranti. Na je na kamo hannunta har gaba. Da ta gaishe su, muryar kawai suka ji suka miƙe tsaye. Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Hafizu ɗan halak ne. Ya tashi ya ce shi ya janye, tunda masu ɗa sun riga sun raɗa suna. Muktar ya ɗauki goro da kansa ya sanar da sunan Asibi, ya kuma roƙe ta gafara a gaban kowa. Na yafe masa maganar doka, kai ma ka yafe masa.

Ban bar su sun tashi da tafi kawai ba. Kafin a watse muka amince cewa gyara da amsa ƙorafi za su riƙa cin suna daidai da sabon abu, kuma aikin Asabar zai riƙa zagayawa kan kowa, har da oga. Asibi ta ce in haka ne tana nan.

Yau Asabar, kuma da ni aka fara. Tun safe wani ke yi mini faɗa a kan famfon bayan kasuwa, yana cewa shi Asibi yake so. Na leƙa ta taga na ga ta fito cikin sabuwar atamfar za ta biki, ta ɗago mini wayarta ta nuna mini a kashe take. Na ce wa mutumin Asibi tana hutu, ya faɗa mini matsalarsa.

Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Matarka,
Yusra