Shayin Ouma Ya Iso Winnipeg

Zuwa ga kakata Ouma Ragel,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon gwiwa? Yaya kakana Oupa Barend da jakunansa? Ina fata an gama yankan ganyen shayin rooibos lafiya.

Ƙunshin shayin da kika aiko ya iso nan birnin Winnipeg ranar Talata. Da maigidana Elrico ya buɗe sai ya ce, "Tsohuwar nan tsintsiya ta kakkarya ta aiko mana?" Na ce ya dai jira. Na zuba a tukunya, na bar shi yana dahuwa a hankali har ya yi ja wur, yadda kike yi. Kofi uku ya shanye, bai ƙara tsokana ba.

Muna lafiya. Sanyi ne kawai, sai tsayuwar aiki a gidan tsofaffi da ke kumbura min ƙafa, amma da sauƙi.

Ouma, ki ƙaro min da yawa, na kan dutse wanda Oupa ke yankowa. Likita ta hana ni gahawa, ta ce wannan kuwa in sha abina. Cikina wata biyar ke nan. Na yi shiru ne saboda wanda na rasa bara. Jiya ina cikin shan shayinki na ji jaririyar ta motsa. Mace ce, kuma sunanki za ta ci.

Allah ya bar mana ke.

Jikarki,
Delia