Kajin da Ma'aikatanku Suka Ci

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin ɗin da ya nuna shirin masu karɓar benefit, wato tallafin gwamnati,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sunana Hajara, ina zaune a flat ɗin council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a bayan Old Kent Road. Ni ce matar nan mai shuɗin leshi da kuka nuna tana ajiye kwanon kaji a kan tebur. Mai babbar rigar da ke zaune a gefe mijina ne, Malam Sule. Shekara da shekaru yana aiki a masana'antar biskit ana cire masa haraji, kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi.

Na farko, ma'aikatanku sun aiko cewa za su zo su ga yadda muke rayuwa. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne baƙi za su zo, kuma a wurinmu ba a tarbar baƙo da tsumma. Na hau bas har Dagenham wajen aminiyata, na aro leshi da sarƙa da kwanukan tangaran. Kajin ma ita ta saya, don ta fitar da ni kunya. Rigar Malam ta aurenmu ce, sai da muka sha fama kafin hannunsa ya shiga.

Na biyu, an ɗauki hoton teburin, aka kashe kyamara, sannan mutanenku suka zauna suka ci. Wani dogo mai gemu yaji ya sa shi hawaye, amma bai fasa neman ƙari ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na ɗaure masa sauran a leda. Mu ba mu sa hannu a kwanon ba. Da suka tafi na dama wa Malam kunu.

Na uku, muryar da kuka ɗora kan hoton ta ce mun fito daga ƙasar da kuɗin man fetur ke ambaliya, ga mu nan muna shagali da harajin jama'a. Man fetur ɗin nan, ranka ya daɗe, ni ma a rediyo nake jin labarinsa. Tun daga ranar ake ta cacar baki a jaridu. Wasu sun ce a kore mu, wasu sun ce ai talaka ma yana da 'yancin cin kaza. Ba na goyon bayan kowa, domin dukansu a kan kazar da ban ci ba suke faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ofishin benefit ya dakatar da biyanmu, ya kira ni in je in yi bayanin inda na ɓoye sarƙar. Idan suka yanke, haya za ta gagare mu. Flat ɗinmu a ƙasa yake, shi kaɗai keken guragun Malam ke iya shiga a duk ginin. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Ban nemi ku ba ni haƙuri a talabijin ba. Roƙona ka turo mai gemun nan ya raka ni ofishin, ya faɗa musu da bakinsa wanda ya ci kajin. In ya biyo ta gida, ƙofa a buɗe take. Abin da muke ci kullum shi zan zuba masa, kuma wannan karon ya bar kyamarar a kunne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare iyalinka daga ranar da za su auna abin da za su ba baƙo.

Wassalam,
Hajara, matar Malam Sule