Layi-layi Har Bango

Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya iyali da yara? Mu nan garin Isa lahiya lau.

Allon ces ɗin da ka bari, darar Turawan nan, Malam Isiya yana koya mini yadda ake kama sarkin abokin wasa da 'ya'yan wasa biyu kaɗai, sarki da hasumiya. Ba a gaggawa, layi-layi ake rage mai fili har ya kai bango. Jiya Kawu Sani, wanda 'yan bindiga sunka koro daga ƙauye, ya tsaya kallo. Bai san wasan ba. Da na rufe layin ƙarshe, ya ce a hankali, "Haka sunka yi muna. Gonar nesa, sannan hanyar kasuwa, sannan rijiya."

Yaya, mu ma bana ba mu nome gonar nesa ba.

Ka sa mu addu'a. Gaishe da kowa.

Ƙanenka,
Umaru