Sallamar Kawu Barau

Zuwa ga ɗana Abdulnasir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Nasiha da yara, Allah Ya tsare mini ku a Legas ɗin nan. Mu nan Birnin Kudu sai godiya. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har kasuwa yana leƙawa.

Ni dai maganar ƙaninka Ikrima ce ta zaunar da ni ina danna wayar nan, raina a ɓace. Intabiyun da ka samo masa a kamfaninku na kwamfuta, ya yi ranar Talata. Na zaci mutum zai gani. Ashe ba kowa, na'ura ce take jefo tambaya, shi kuma yana ta zuba shi kaɗai, kyamara ta zuba masa ido. Yaron nan ya daɗe yana shiri, abinci ma sai na yi da gaske yake ci. A ɗakin zaure ya zauna, don nan sabis ya fi kamawa.

Ana cikin yi sai ga Kawunku Barau daga Dingaya, ya kawo mana sabon gero. Ka san shi, ba ya wuce ƙofa sai an amsa masa. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, ya tsaya. Ikrima ya juya ya amsa, ya ce Kawu sannu da zuwa, shiga ciki ina tafe. Iyakarta ke nan fa, wallahi. Washegari saƙo ya shigo, wai an ji muryar wani, wai ya kau da ido daga kyamara, don haka satar amsa ya yi, an cire shi. Kawu Barau ne zai ba shi amsar kwamfuta? Tir da wannan hali. Ko kiransa ba su yi sun ji ta bakinsa ba, suka liƙa wa yaro sunan ɓarawo.

Abin da ya fi ci mini rai, Ikrima da zafin zuciya ya tsaya a tsakar gida ya ce da ma bai amsa ba. Kawu kuwa a nan ya kwana, yana kan tabarma, ya ji. Ko furar da na dama masa bai ƙarasa ba, ya tafi neman motar Gwaram da za ta kai shi gida. Na kira shi a waya, ya ce shi da gidan nan sai dai aike, kada ya kuma tsare wa yaro arziki. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu, Abdulnasir.

Ka samu manyanku ka faɗa musu sallama yaron ya amsa. In sun sake ba shi dama, ni zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in dinga amsawa har ya gama. In sun ƙi, su riƙe kayansu. Amma kawunku kai za ka kira, yana jin maganarka. Ikrima kuwa gobe Dingaya zai kwana, sai ya durƙusa ya ba da haƙuri.

Sai yanzu na gane abin da ya sa in na kira ka kake katsewa, ka rubuto mini ina mitin. Ashe kai ma kallonka ake yi.

Babanku yana gaishe ka, Sa'adiyya da Inna Kaltume ma haka. Ka shafa mini kan yara. In ka karanta, ka fita waje inda na'urar ba ta gani, ka kira ni ka amsa sallamar da na yi maka a sama.

Mahaifiyarka,
A'i